Duwatsun Murhu Uku: Ruwa, da Abinci, da Makamashi

Kowa ya san murhu. Duwatsu uku ne a kan girka, a ɗora tukunya bisa, a iza wuta. In ka janye dutse guda, ko da sauran biyun na zinariya ne, tuwo ya tafi ƙasa. To, zaman ɗan Adam a duniya haka ya ke, bisa duwatsu uku a ka ɗora shi: ruwa, da abinci, da makamashi. Ruwa da abinci ba su bukatar fassara. Makamashi kuwa shi ne duk abin da ke ba mu wuta ko ƙarfin yin aiki, watau itace, da gawayi, da kananzir, da fetur, da gas, da lantarki, har da hasken rana.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne, da yawa daga cikinku in kun gama wannan kwaleji ba tsayawa za ku yi ba. Waɗansu za su wuce jami'a, waɗansu ma su zarce har digiri na biyu da na uku. Akwai kuwa wani irin karatu mai zurfi da ya fito cikin 'yan shekarun nan, inda a ke tara ɗaliban fannoni dabam dabam, a koya musu duban duwatsun nan uku gaba ɗaya, domin in sun zama shugabanni kada su gyara guda su ɓata biyu. Ya kamata ku san dalilinsa, ku san yadda a ke yinsa, ku kuma san inda aibinsa ya ke.

Bari mu fara da dalilin. Tun daga firamare mu ke raba ilmi ɗaki ɗaki. Ƙararrawa ta kaɗa, malamin lissafi ya fita, na labarin ƙasa ya shigo. Ta sake kaɗawa, na aikin gona ya karɓa. Haka a ke tafiya har jami'a, inda ɗakunan ke zama manyan gine-gine, kowane da ƙofarsa. In an fita aikin gwamnati kuma, ga ma'aikatar ruwa, ga ta gona, ga ta lantarki, kowace da ministanta da kuɗinta. Wannan rabo yana da amfani, gama ba mai iya haɗiye ilmin duniya shi kaɗai. Amma fa kogi bai san da wannan rabo ba. Ruwan da injiniya ke so ya tare don ya juya injin lantarki, shi ne ruwan da manomi ke jira ya malale fadamarsa, shi ne wanda kifi ke bi ya shiga ciyawa ya yi ƙwai, shi ne kuma ke nutsewa ƙasa ya cika rijiyar da matan ƙauye ke ja.

Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa cikin kowane tulu 10 na ruwan daɗi da mutane ke ɗiba daga koguna da tafkuna da rijiyoyi, kamar 7 gona su ke tafiya. Ta kuma ce wajen kashi 30 cikin 100 na makamashin da duniya ke ci a kan abinci ya ke ƙarewa, tun daga huɗa har tukunya. Ba sai mun je nesa ba. Takin zamanin nan da a ke kira yuriya da gas a ke yinsa. Babbar masana'antar Dangote da a ka buɗe a Lekki, kusa da Ikko, a 2022, gas ta ke ci ta haifi taki. Ku tuna kuma ran 29 ga Mayu, 2023, sa'ad da gwamnati ta ce ta janye tallafin fetur. Litar da a ke saye ƙasa da naira 200, kafin mako ya zagayo ta kai wajen 500. Injin ban-ruwa kuwa ba ya shan kunu. Mai lambun da ya kasa sayen mai, tilas ya rage ban-ruwa ko ya rage lambu, mai sayen albasa da attaruhu a kasuwa shi ya biya sauran. Kun ga an taɓa dutsen makamashi, na ruwa ya motsa, tukunyar abinci ta karkace.

Lissafin duro hamsin

Yanzu ku ɗauko takarda da fensir, mu yi ɗan lissafi. Duro guda yana cin lita 200. Duro 50 ke nan lita 10,000, nauyinsu kuwa tan 10. Me za a yi da wannan ruwa?

In an sako shi daga tsayin mita 37 ya bi ta cikin injin lantarki, zai ba da kamar yunit guda, watau abin da zai kunna ƙwan lantarki mai wat 100 har awa 10. Wannan kafin a cire ɗan abin da ke ɓacewa cikin inji ne. Tsayin nan kuwa kusa ya ke da wanda ruwa ke faɗowa a Kainji in tafki ya cika. In kuwa gonar shinkafa a ka kai shi, masanan babbar cibiyar binciken shinkafa da ke ƙasar Filifin sun ce a kan ba gona wajen lita 2,500 kafin a sami kilo guda na shanshera. Duro 50 ɗinmu ke nan kilo 4. In kuma gida a ka kai shi, mai mutum 7, kowa na amfani da lita 50 a yini don sha da girki da wanka da wanki, zai kai su mako 4.

To, wanne ya fi? Yunit guda, ko kilo 4, ko mako 4? Ɗalibi mai gaggawa sai ya ruga kasuwa ya tambayo farashi, ya ce ya gama. Bai gama ba. Ruwan da ya bi ta injin lantarki bai ƙare ba, yana nan ya fito ta ƙasa ya ci gaba da tafiya, ana iya sha, ana iya ban-ruwa da shi. Wanda a ka kai gonar shinkafa kuwa, da yawansa rana da ganye sun shanye, ba zai komo kogi ba. Sai ka ce ashe lantarki bai ci kome ba. Nan ma da sauran magana, domin kafin a sami tsayin nan na mita 37 sai an tare kogi an yi tafki, rana kuwa a ƙasa mai zafi irin tamu ta kan shanye zurfin mita ɗaya da rabi zuwa biyu daga fuskar tafki kowace shekara. Babban abin ma ba wannan ba ne. Madatsa tana sake wa ruwa lokaci. Ruwan da Allah ya saba aiko wa fadama a watan Satumba, sai a riƙe shi a sako a watan Maris, sa'ad da a ke bukatar wuta a birni. Yawansa ɗaya, amma ga mai shinkafa da masunci ba ruwa ɗaya ba ne. Saboda haka tambayar ba "nawa" kaɗai ba ce. Akwai "yaushe", akwai "ina", akwai kuma "don wa". Injiniya ya iya amsa ta fari. Sauran ukun sai an kira waɗansu.

Kainji misali ne mai kyau. An fara ginin madatsar a 1964, a ka gama a 1968, daga baya injunanta suka kai 8 masu ƙarfin megawat 760. Tafkin da ya taru ya kai tsawon kilomita 130 da ɗoriya, ya cinye tsohon garin Busa, inda Baturen nan Mungo Park ya halaka a 1806. Mutum wajen 44,000 a ka tashe su a ka sake musu matsuguni, cikinsu har da Gungawa, mazauna tsibirai, waɗanda suka shahara da noman albasa. Mutanen bakin Kwara sun daɗe da sanin cewa kogin nan sau biyu ya ke kawo ruwa a shekara. Akwai farin ruwa, na damunarmu, mai laka, wanda ke cika wajen Satumba da Oktoba. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ke tasowa tun daga duwatsun Gini, ya shiga faffaɗan dausayin ƙasar Mali ya yi ta jinkiri, lakarsa ta kwanta, sa'an nan ya iso mana garau cikin hunturu. Shuka da su da kiwo duk bisa waɗannan biyu a ka tsara su tun kaka da kakanni. Da madatsa ta zo, ƙasa ta sami wuta, ba mai musun wannan alheri. Kifi ya yi yawa cikin sabon tafki 'yan shekarun fari, daga baya ya ragu. A ƙasan madatsa kuwa, wajen ƙasar Nufe har Lakwaja, fadamu da dama suka daina samun malala kamar da, kamun kifi ya ja baya. Har siyasar ƙasashe ta shigo ciki: jami'an Nijeriya sun sha faɗin cewa wani dalilin da ya sa a ke sayar wa Jamhuriyar Nijar lantarki shi ne don kada ta tare kogin daga sama. Kun ga dutse guda ya jawo mu har teburin jakadu.

Abin da ya faru a fadamar Haɗeja da Nguru

Amma inda darasin nan ya fi fitowa fili shi ne can arewa maso gabas, ku buɗe taswira mu bi tare. Kogin Kano da Kogin Challawa su ke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja. Kogin Jama'are kuwa daga tsaunukan Jos ya ke gangarowa. Da sun iso tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa, sai su tarar da ƙasa shimfiɗaɗɗiya mai jigayin yashi, su rarrabu, su bazu, su yi wata irin fadama mai faɗin gaske. Abin da ya rage ya tattaru ya zama Komadugu Yobe, ya bi iyakar Nijeriya da Nijar ya faɗa Tafkin Chadi.

Mutanen wannan wuri gona guda su ke ci sau uku ko huɗu. In ruwa na hawa, shinkafa. In ya cika, kifi. In ya fara janyewa, a bi danshi a shuka wake da sauran kayan rani. In an kwashe, Fulani su shigo da shanu. Ga itacen girki, ga kaba da goruba, ga kanwa. Har tsuntsayen Turai su kan ƙetaro Hamada su yi hunturu a nan. Ba wanda ya gina wannan, ba wanda ya sayi inji, ba a ci bashin kowa ba.

A 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, a ka gama madatsar Tiga a kan Kogin Kano, a 1992 kuma ta Challawa. Kada wani ya ɗauka mugunta ce ta sa. Lokacin an fito daga farin nan mai tsanani na farkon shekarun 1970, birnin Kano na ƙaruwa yana neman ruwan sha, ana kuma so a yi noman rani a Kadawa da Kura. An kuwa samu. Wanda ya ga tumatir da alkama da shinkafar da ke fita daga can ya san aikin ya haifi abinci. Amma tsakanin madatsu da ƙarancin ruwan sama, faɗin ƙasar da ruwa ke malalewa a fadamar Haɗeja da Nguru ya ragu da fiye da rabi. Waɗanda suka tsara aikin sun ƙirga abin da za a samu a sama. Abin da za a rasa a ƙasa bai shiga littafinsu ba, gama ba fanninsu ba ne, ba kuma jiharsu kaɗai ba ce.

A 1987 a ka kafa wani shiri na kiyaye wannan fadama, a nan ne fa a ka yi irin aikin da mu ke magana. Masanin tafiyar ruwa Ted Hollis, da masanin labarin ƙasa William Adams, da masanin tattalin arziki Edward Barbier, da ɗan ƙasarmu Dokta Muhtari Aminu-Kano, da waɗansu, suka haɗa kai. Mai ilmin ruwa ya auna abin da ke shigowa da abin da ke fita. Mai labarin ƙasa ya shiga ƙauyuka ya ga abin da mutane ke yi da shi. Mai tattalin arziki ya sa wa kowane abu kuɗi. Abu uku suka ƙirga a fadama: amfanin gona, da kifi, da itacen girki. Ku lura, ga duwatsun murhunmu nan sun taru cikin lissafi guda. Da suka gwada fadama da gonakin ban-ruwa na Kano bisa faɗin ƙasa, bambancin bai taka kara ya karya ba, domin gonar ban-ruwa, ko da ya ke tana ba da amfani mai yawa, tana cin kuɗi mai yawa. Amma da suka gwada bisa yawan ruwan da kowanne ke sha, sai suka ga kowane duro da ya isa fadama yana haifar da arziki ninkin-ba-ninkin na wanda a ka tare a sama. Kuma ba su sa kiwo ba, ba su sa ruwan da ke nutsewa ya cika rijiyoyi ba. Daga baya, a 1998, Barbier da wani masanin ruwa, Julian Thompson, suka lissafta cewa in a ka yi dukan ayyukan ban-ruwa da a ka tsara a sama, ribarsu ba za ta kai kashi ɗaya cikin biyar na hasarar da za a yi a fadama ba.

Shawararsu kuwa ba a rushe madatsu ba ce. Cewa suka yi a riƙa sako ruwa mai yawa da damuna, daidai lokacin da fadama ta saba samu, watau a yi wa kogi kwaikwayon halinsa na da. Wannan shawara injiniya kaɗai ba zai kawo ta ba, don a makarantarsu sakin ruwa ba tare da ya yi aiki ba ɓarna ne. Mai son tsuntsaye kaɗai ma ba zai kawo ta ba, don shi da ma ba a gina ba. Sai da suka zauna tabarma guda.

Akwai kuma wani abin da ba wanda ya hango. Da a ka koma sakin ruwa kaɗan kaɗan rani da damuna, magudanun da su kan bushe da rani suka daina bushewa, sai kacalla ta samu wurin zama. Ta tsiro ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta, waɗansu garuruwa ruwa ya kwanta musu a gona shekara zagaye, waɗansu kuwa suka daina ganinsa sam. Jan-baki kuma ya sami maɓoya cikinta, yana fita yana cin hatsi. A 2006 jihohi 6 da kogin ya shafa, watau Bauci, Barno, Jigawa, Kano, Filato da Yobe, suka yi taro a Damaturu, a ka kafa asusun kula da shi. Daga baya ma masana na Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da abokan aikinsu na Amurka da Sifen suka gwada mai da kacalla abincin dabbobi da gas na girki. Ciyawar da ruwa ya haifa ta hana abinci, ga ta ana neman a mai da ita makamashi.

In kuwa ba a zauna tabarma guda ba, abin ya kan wuce hasarar kifi. A Bakolori, kusa da Talatar Mafara, an gama madatsa a kan Kogin Sakkwato a 1978. Manoman da a ka karɓe wa gonaki suka yi ta kukan diyya, suka tare hanyoyi, a Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Gwamnati ta ce mutum 20 da 'yan kai suka mutu, waɗansu masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. Siminti da ƙarfen madatsar ba su da aibi. Lissafin mutane ne ba a yi ba.

Yadda a ke wannan karatu

Irin waɗannan labarai ba a ƙasarmu kaɗai suka faru ba, shi ya sa a Nuwamban 2011 gwamnatin Jamus ta kira babban taro a birnin Bon kan ƙullin da ke tsakanin ruwa da makamashi da abinci. Daga nan maganar ta bazu cikin jami'o'i. A Amurka, Hukumar Kimiyya ta Ƙasa ta fara wani shiri a 2016, tare da ma'aikatar gona, na ba da kuɗin bincike kan wannan ƙulli. Ta kuma ba jami'o'i da dama kuɗi, har dala miliyan 3 ga jami'a guda cikin shekara 5, don su horar da ɗaliban digiri na biyu da na uku ta wannan hanya. A nahiyarmu, Tarayyar Afirka ta kafa cibiyar ilmin ruwa da makamashi a Tilimsan ta ƙasar Aljeriya, ɗalibai suka fara shiga a 2014. A Afirka ta Yamma akwai shirin WASCAL, wanda Jamus ta ɗauki nauyinsa, a ka raba darussan sauyin yanayi tsakanin jami'o'in ƙasashe: na makamashi a Yamai, na ruwa a Jamhuriyar Benin, na noma a Bamako, waɗansu kuma a jami'o'in fasaha na Minna da Akure. Jami'ar Bayero ta Kano ma ta buɗe Cibiyar Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa a 2012.

Tsarin ya bambanta daga jami'a zuwa jami'a, amma ƙashin bayansa kusan ɗaya ne. Ɗalibi yana nan cikin sashensa, injiniya na injiniyoyi, mai gona na masu gona. Sai a tilasta masa ɗaukar waɗansu darussa a sassan da ba nasa ba. Sau da yawa a kan ba shi malamai biyu masu duba bincikensa, daga fanni biyu. Sa'an nan a haɗa shi da ɗalibai uku ko huɗu na waɗansu fannoni, a ba su matsala guda ta gaske, a ce su kawo rahoto guda. A nan ne gumi ya ke. Injiniya in ya ce "hasara", ruwan da ya tsiyaye daga magudana ya ke nufi. Mai ilmin ƙarƙashin ƙasa kuwa wannan ruwan shi ya ke kira "riba", don shi ke cika rijiya. Sai sun yi makonni kafin su gane kalma ɗaya su ke faɗi da ma'ana biyu. Bayan wannan a kan tura ɗalibi ya yi 'yan watanni a wata ma'aikata, ko kamfani, ko ƙungiyar manoma, a kuma koya masa ya taƙaita binciken shekara uku cikin shafi biyu, yadda kwamishina mai gaggawa zai karanta ya gane.

Ga irin tambayar da za a iya ba su. Tun da fetur ya yi tsada, masu lambu da dama sun koma injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana. Mai ilmin makamashi zai ce madalla, ba hayaƙi, ba sayen mai. Mai ilmin gona zai ce madalla, a ƙara lambu. Amma da, tsadar mai ita ce linzamin da ke sa manomi ya kashe inji. In rana ce ke biya, me zai sa ya kashe? A jihar Punjab ta Indiya, tun 1997 a ka fara ba manoma lantarki kyauta don jan ruwa, ƙasar ta cika da alkama da shinkafa, amma ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi ta nisa, ana ta ƙara wa rijiyoyi zurfi, mai ƙaramin ƙarfi ya kasa bi. Wanda zai ba gwamnanmu shawara kan raba injunan rana, lalle ne ya san wannan labari, ya san zurfin ruwan fadamar da za a kai su, ya kuma san yadda manoma za su yarda da ƙa'idar jan ruwa ba tare da an aiko musu ɗan sanda ba.

To, ina aibin? Dattawan malamai da yawa ba su yarda da wannan karatu ba, maganarsu kuwa abin saurara ce. Sun ce taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Ɗalibin da ya taɓa nan ya taɓa can zai fito da baki, ba hannu: ya iya taro, amma bai iya auna kogi ba, bai iya gane cutar shinkafa ba. Wannan haɗari gaskiya ne, na kuwa fi jin tsoron irin wannan mutum a kujerar mulki bisa ga injiniyan da ya san iyakarsa. Amsar da masu shirin ke bayarwa ita ce, sai an yi zurfi a fanni guda tukuna. Ku dubi gawo. Saiwarsa guda ce ta nutsa ƙasa har ta tarad da ruwa, sa'an nan rassa suka bazu. Don saiwar nan ne ya ke da ganye da rani sa'ad da sauran itatuwa suka kaɗe. Wanda bai da saiwa kada ya yi marmarin rassa.

Aibi na biyu ba na ɗalibi ba ne, na gida ne. In ya gama, tallar aiki cewa ta ke ana neman injiniyan ruwa, ko jami'in gona. Ba kujerar mai haɗa su. Na uku kuwa, yawancin kuɗin waɗannan shirye-shirye a Afirka daga waje su ke zuwa, mai biyan kuɗi kuwa shi ya kan zaɓi tambaya, ran da ya gaji kuma shiri ya kwanta. A ganina akwai na huɗu, wanda ba a cika faɗa ba: ana haɗa fannonin jami'a, a manta da fannin da ba shi da digiri. Sarkin ruwa na Yawuri ya san baƙin ruwa tun ba a kafa ma'auni a bakin kogi ba. In ba shi a tabarmar, ba ta cika ba.

Wani zai ce, mu da za mu koyar a firamare da ƙaramar sakandare, ina ruwanmu da digiri na uku? Ruwanmu ne ƙwarai, domin bangon nan da jami'o'i ke kashe miliyoyi su huda, mu ne mu ke fara aza tubalinsa a aji huɗu. Yaron da malamin lissafi ya ba shi lissafin duro 50, malamin labarin ƙasa ya nuna masa inda ruwan ya fito, malamin gona ya kai shi lambu ya ga inda ya tafi, ba zai sha wuyar zama tabarma guda da wani ba in ya girma. Wannan ba ya bukatar sabon manhaja ko kuɗin Jamus, sai dai malamai uku su yi shawara a ɗakin malamai kafin mako ya fara.

Kafin ku fita gwajin koyarwa, ga aikin da za ku fara da shi a nan gida. Ku rabu ƙungiya ƙungiya, kowace da ɗan lissafi, da ɗan kimiyya, da ɗan aikin gona, da ɗan labarin ƙasa. Kada abokan aji ɗaya su taru wuri guda. Har kwana 7, ku auna duro nawa na ruwa ke shiga ɗakin girkin kwaleji, da lita nawa na mai a ke ƙonawa kafin a hau da shi tanki, da dami nawa na itace ko tukunyar gas nawa ke ƙarewa, da mudu nawa na hatsi a ke dafawa. Ku tambayi masu girki daga wane daji itacen ke zuwa, da can kuma daga ina ya ke zuwa. Sa'an nan kowace ƙungiya ta rubuto shafi biyu, kada ta wuce, ta amsa wannan: in an ce a rage kuɗin mai da kashi ɗaya cikin huɗu a zango mai zuwa, me za a taɓa, wa kuma zai fara ji a jikinsa? A miƙa wa editan shafukan Hausa, za mu buga biyu da suka fi kyau a fitowa ta gaba.